Damina na tafe, zafi na kanmu: wa ya shirya wa lafiyar jama'a a Sakkwato?

Nas ta Gawon Nama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a shigo da jam'iyya. Duk shekara hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da koguna ta biyo baya da jerin wuraren da ambaliya za ta iya shafa. An karanta a rediyo, mun ji. Sai me? A mazaɓarku, wa ya san inda za a kai mutane in ruwa ya ci unguwa da tsakar dare? Kulorin na tsaftace ruwa na hannun wa? Ina aka ajiye ORS, haɗin gishiri da sukari na masu zawo? Ni a ganina mun iya kai ɗauki, shiri ne ba mu iya ba. Shinkafa da tabarma da bargo sai an kwana biyu suke isowa, alhali amai da gudawa na iya kayar da babban mutum tsakanin asuba da la'asar.

Ɗan Mabera:
Wa alaikumus salam Anti. Mu nan ba ma jiran dam ya cika, ruwan awa biyu ya ishe mu. Kwatoci sun cushe, ruwa ya rasa hanya, sai ya shigo zaure ya wuce tsakar gida ya haɗe da na salga. Da safe ki ga yara na wasa a ciki. Shiri dai aikin gwamnati ne. Talakan da ke neman na cefane da me zai shirya?

Mai Albasa na Kara:
Tsaya yaro. Wa yac cushe kwatocin? Gwamnati ka zowa da dare ta zuba leda da toka ciki? Da hadari ya haɗu sai a tura ɗiya su juye shara ga kwata, wai ruwa shi tahi da ita. Ina za shi kai ta? Ƙohwar maƙwabci.

Ɗan Mabera:
Alhaji, nuna min bola ɗaya a layinmu da mota ke zuwa kwashewa, ni kuma in hana matan gidanmu. Ba wanda zai kwana da shara a ɗaki.

Injiniya:
Ku biyun kuna magana ne kan ambaliyar cikin gari, ta ruwan sama da kwata. Akwai ta gulbi, ita ce mai cin ƙauyuka. Gulbin Rima ba ruwan Sakkwato kaɗai yake ɗauke da shi ba. Gulbin Maraɗi na zubo masa daga Nijar, Bunsuru da Gagare na kawo na Katsina da Zamfara, su taru a dam ɗin Goronyo da aka gina don ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Ga kuma Gulbin Sakkwato da ke biyowa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, su haɗu dab da birni. Don haka ana iya yin kwanaki ba a ga hadari a Wurno ko Kware ko Silame ba, amma ruwa na kan hanya.

Sauƙin da ke ciki shi ne ambaliyar gulbi tana ba da lokaci. Ruwan da aka saki a Goronyo ba nan take yake isa Silame ba. Akwai sa'o'in da za a kwashe tsofaffi da masu ciki da magungunan asibitin ƙauye a hau tudu, in har saƙon ya sauka hannun wanda zai tashi ya yi aiki da shi. Takardar da ta tsaya tsakanin ofis da ofis ba ta tada kowa daga barci.

Baba Mai Ritaya:
Allah shi yi maka albarka Injiniya. Mu da munka ga Satumbar 2010 ba a ba mu labari. Ruwa ya taso daga Goronyo ya share gonaki da gidaje, ya yanke hanyar Kwalkwalawa da ka kai mutum jami'ar Danfodiyo, malamai da ɗalibai sunka koma shiga jirgin ruwa. Abin da mutane ka mancewa, ba ranar ruwan anka hi shan wuya ba, bayan da ya janye na. Rijiyoyi sun ɓaci, jama'a cunkushe cikin azuzuwan makaranta, sabro ya yi yawa, ga masassara ga zawo. Ran da ruwa yaz zo kowa na kawo taimako, har masu ɗaukar hoto. Lokacin da ciwo ya hwara, duk sun watse.

Duba-gari:
Baba ya taɓo aikina, a yi min haƙuri zan ɗan yi tsawo. Ambaliya ba ta ƙirƙiro kwalara. Abin da take yi, ta kwaso abin da ke cikin salga da bayan gari ta kai rijiya. Ƙa'ida ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya. Ku zagaya tsofaffin unguwanninmu ku gani, wani gidan 'yan taku ne tsakani. Rijiyar da ba ta da baki mai tsayi da murfi kuwa, ruwan kwata kai tsaye yake faɗawa ciki.

Abin da ya fi yaudarar mutane alimun ne. Uwar gida ta jefa alimun, ruwa ya kwanta ya yi garau, ta ce shi ke nan. Alimun laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. In ya kwanta sai an tsiyaye, a tafasa, ko a sa kulorin irin su Waterguard ko Aquatabs bisa awon da aka rubuta a jiki, a jira minti 30 kafin a sha. Sannan randa. Ko ruwan ya shigo da tsabtarsa, moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa har hannu ta isa ta ɓata shi. Jarkokin 'yan ga-ruwa ma a riƙa leƙawa, wata cikinta ya yi kore.

A 2021 sama da mutum 100,000 aka lissafa da zaton kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohinmu na arewa ne suka fi jin jiki. Cutar da in an mayar wa mutum ruwan jikinsa da wuri, ba a rasa ko 1 cikin 100. Wannan gibin shi Anti Nas ke kira rashin shiri.

Mai Kemis:
Ƙara da wannan, Duba-gari. Mutum zai zo ɗansa na zawo, in miƙa masa ORS da zink ya ture, wai kafso yake so ko Flagyl, ko a bi shi gida a yi ƙarin ruwa. Gani yake abu mai araha ba magani ba ne. Shi kuwa zawo ta ƙarar da ruwan jiki yake kisa. In babu na leda a haɗa a gida: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a zarce da gishirin. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, ana hanyar asibiti ana ba shi. Zink kuma yaro ya sha kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. In bayan gidan ya koma fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, to ya wuce kemis, a ɗauke shi.

Maman 'Yan Biyu:
Malam Mai Kemis, lita ɗayan da me zan auna? Ni ba ni da abin awo.

Mai Kemis:
Ledar fiyawata mai rabin lita guda biyu, Hajiya. Ki juye a kwano sau ɗaya ki ga inda ya tsaya, ki yi alama.

Ɗan Kabu-kabu:
Ni fa duk wannan dogon bayanin ban ga amfaninsa ba. Ambaliya jarrabawa ce daga Allah. Wanda kwanansa ya ƙare ko a tankin kulorin yake kwana zai tafi.

Malam na Tsangaya:
Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, ajali ba ya jinkiri. Amma Sayyadina Umar na kan hanyar Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Annabi Yusuf kuma shekara bakwai ana tara hatsi cikin zangarniyarsa saboda yunwar da ba ta zo ba tukuna. Ko kai ai kana duba birki kafin ka ɗauki fasinja.

Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiya, don mu ake kira in an yi rasuwa. Wanda amai da gudawa ya kashe, yaya za a yi da wankansa? Na ga gidan da aka yi jana'iza, ba a rufa sati ba masu wankan suka kwanta.

Nas ta Gawon Nama:
Allah ya gafarta Malam, wannan tambayar ta fi ƙarfin zaure, da a masallatai aka yi ta. Gawar mai kwalara na ɗauke da ƙwayar cutar. Ba a hana sutura ba, amma masu wanka su zama kaɗan, su sa safar hannu, a yi amfani da ruwan kulorin, ruwan wankan a zuba a rami nesa da rijiya, tabarma da tufafin mamacin a jiƙa su a kulorin ko a tafasa. Wanda ya yi wanka kada ya shiga girkin zaman makoki ko rabon ruwa. Kuma a sanar da asibiti mafi kusa. Kowace ƙaramar hukuma cikin 23 ɗinmu tana da jami'in sa ido kan cututtuka, aikinsa ke nan ya ji labari da wuri. Layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232 ne. Matsalar, mutane na ɓoyewa don kada a ce gidan wane ne aka fara.

Inna ta Kanwuri:
Ku dai kuna ta zancen ruwan da bai zo ba. Mu wanga zahi ka kashe mu yanzu. Babu wuta, babu ruwa ga famfo, ƙanƙara ta yi tsada, ɗaki na kwano. Tsohwahi nawa anka rasa cikin bazara anka ce hawan jini na? Wa ka ƙidaya su?

Likita:
Inna, kin faɗi abin da ya fi damuna a zancen nan duka. Ambaliya tana da hoto, zafi ba shi da shi, shi ya sa ba a lissafa shi cikin bala'i. Daga Maris zuwa Mayu Sakkwato na yawan wuce digiri 40. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da rahoton rasuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, yawancinsu tsofaffi, kuma ana cikin azumi. Yanayinmu kusan ɗaya da nasu.

Zafi ba ya zuwa da sunansa. Tsoho mai ciwon zuciya ko ƙoda ko suga, ko mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, jikinsa na bushewa, jini ya yi kauri, zuciya ta gaza. Sai a rubuta ciwon da aka sani. Tsofaffi kuma ba sa jin ƙishirwa da wuri, sai an riƙa miƙa musu ruwa ba sai sun nema ba. Alamar haɗari ita ce jiki ya yi zafi rau, mutum ya rikice yana sambatu ko ya suma. Nan ba a jira. A kai shi inuwa, a rage tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙawa. Kada a ɗura wa sumamme ruwa a baki, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nono za a ƙara masa, uwar ce za ta sha ruwan.

Wani abin da ba a gani: alluran rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su. Asibitin da ba shi da firijin sola mai aiki, a wannan yanayin abin da ke cikinsa na iya lalacewa ba wanda ya sani. Haka insulin a gidajen masu suga.

Ɗan Kabu-kabu:
To Likita mu da birkiloli da masu tura baro fa? In mun zauna inuwa wa zai ciyar da mu?

Likita:
Ban ce ka ajiye babur ba. Ka matsa aikin zuwa safiya da yamma iya yadda za ka iya, gora a jikin babur, kuma ka duba fitsarinka, in ya yi ja ka makara da shan ruwa. Amma gaskiyarka, wannan ba na mutum ɗaya ba ne. Rumfa da randa a tasha da bakin kasuwa aikin ƙungiyarku ne da masu hali. Da can ko'ina akwai randar sadaka a ƙofar gida.

Maman 'Yan Biyu:
Shi ya sa nake hana yarana fita rana, kada zafi ya sa musu sanƙarau.

Likita:
Hana su rana daidai ne Hajiya, sai dai ba zafin ne ke zama sanƙarau ba. Ƙwayar cuta ce da ke bi ta numfashi. Ƙurar hunturu da bushewar iska na raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar taga ya ƙarasa aikin. Lokacinsa daga Disamba har zuwa saukar ruwa. A 1996 ya kashe sama da mutum 10,000 a arewa. Allurar da aka fara a 2011 ta karya nau'in A, sai nau'in C ya ɓullo a nan jihar a 2013, ya yi ɓarna a 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina, aka rasa sama da 1,000. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara sabuwar allura mai kare nau'i biyar. In an kawo ta a kai yara. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, asibiti a ranar, ba sakiya ko turare ba.

Ɗalibar Danfodiyo:
Iyayena ku ba ni dama. Ni ina ganin tsarin da muke nema muna da shi, ba mu juya shi wannan wajen ba ne. Aikin shan inna ya bar mana mata masu bi gida-gida da suka san kowane zaure da yawan yaran ciki, ga masu shela, ga masu unguwanni da hakimai da suka shiga aikin tun 2009 bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, har aka kai ga wanke Afirka daga nau'in cutar na daji a Agustan 2020. Ga kuma masu rabon maganin maleriya na yara 'yan wata 3 zuwa 59 da ke zagayawa kowane wata a damina. Me zai hana mai ɗauke da wannan maganin ta ɗauko ORS da ƙwayar kulorin a jaka ɗaya? Me zai hana saƙon sakin ruwa daga dam ya bi hanyar da sanarwar rigakafi ke bi, daga hakimi zuwa mai unguwa zuwa lasifikar masallaci?

Tsohuwar Mai Rigakafi:
'Yata, dabarar ta yi, amma kin san me ya sa wancan aikin ya tafi? Akwai kuɗi a bayansa, akwai mai bin sawu, da yamma a zauna kowa ya faɗi gida nawa ya shiga. Mu da muka yi yawon mun san ɗan alawus ɗin ma sai an ja rai. In za a ƙara mana kaya a ƙara da haƙƙi. Kada a ce mata su yi don Allah alhali masu zaman ofis ba don Allah suke yi ba.

Ɗan Sabon Birni:
Duk shirin naku na inda ake kwana da ido biyu rufe ne. A gabashin jiha, Isa da Sabon Birni da wasu sassan Goronyo da Rabah, akwai ƙauyukan da ma'aikacin lafiya ba ya kwana. Mutanenmu sun gudo suna zaune a kangwaye da makarantu tun kafin wani ruwa. In an ce a hau tudu, wani tudun na 'yan bindiga ne. Kuma yaron da yunwa ta riga ta ci, zawon kwana ɗaya ya ishe shi.

Baba Mai Ritaya:
Wagga magana ta yi nauyi. Allah shi kawo muna sauƙi.

Nas ta Gawon Nama:
Amin Baba. Ɗan uwa na Sabon Birni, ba ni da amsar tsaro. Abin da zan ce, inda ma'aikaci ba ya kwana nan ya fi kamata kayan su kwana. ORS da zink da sabulu da kulorin ba sa buƙatar firiji ko likita, ungozoma ko limami na iya riƙewa. Kuma a kai su tun Mayu ko Yuni, kafin hanya ta yanke. Wanda ke shan maganin hawan jini ko suga ko farfaɗiya ya tanadi na wata guda a leda mai ɗaurewa tare da katin asibiti da na rigakafin yara. Masu cikin da suka kusa a san su da suna. Macizai ma na hawowa tudu tare da mutane, a san asibitin da ke da allurar dafi tun kafin a nema, a bar tsaga da ɗaurin kaca-kaca.

Ɗan Mabera:
Anti har yanzu dai kan talaka kika sauke kayan. Ina kason gwamnati?

Injiniya:
Kasonta babba ne: manyan magudanai, kwashe shara, ruwan famfo, hana gini a hanyar ruwa, da ba SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, kuɗi kafin damina maimakon bayanta. Ku tambayi kansilanku da ɗan majalisarku nawa aka ware, a rubuce. Amma kwatar ƙofar gidanka ba sai an yi zaman majalisa ba.

Mai Albasa na Kara:
Ni na ɗauki baro biyu da shebur huɗu, in matasan layinsu za su hito ran Asabar.

Ɗan Mabera:
Za mu fito Alhaji. Amma abin da muka kwaso a ina za mu zuba? In aka bar shi bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi.

Hedimasta:
Kafin ku watse. Kowa na cewa a kai mutane makaranta, ba wanda ya tambayi makarantar. Ƙa'idar masu aikin agaji ita ce bayi ɗaya ga mutum 20, ruwa lita 15 ga kowane mutum a rana. Tawa makarantar bayi huɗu ne, biyu sun rufta, ba na mata daban, famfon tuƙa-tuƙa ya lalace. In aka sauke min mutum ɗari uku, ni zan haɗa muku kwalarar da kuke gudu. In da gaske ake, a zo a duba makarantun da ke kan tudu yanzu da rani.

Duba-gari:
Ranka ya daɗe, turo min sunan makarantar ta akwatin sirri, zan biyo in ga ramukan, in na gyaruwa ne ko sai an haƙa sababbi. Ɗan Mabera, ku nemi mai tifa tun ranar Juma'a ku ji kuɗin sawu ɗaya, sai a san nawa za a haɗa.

Maman 'Yan Biyu:
A sa ni cikin masu haɗawa. Malam Mai Kemis, ita ƙwayar kulorin ɗin tana lalacewa in na saya tun yanzu?

Mai Kemis:
Ƙwayar tana daɗewa in ba a ɓare ta ba, ki dai duba kwanan watan da ke jiki. Na ruwan ne ba ya son zafi da rana, shi sai damina ta kama ki saya.